Karaya Iri Biyu: Nutso, Murabus da Komawa Fage



A harshen Hausa kalmar karaya tana ɗauke da ma'ana biyu. Akwai karaya ta ƙashi, wadda akan kai wa mai ɗori ko a garzaya da ita asibiti. Akwai kuma karaya ta zuciya, watau mutum ya sare, ya ce shi kam ya haƙura. Sau da yawa ta farkon ita ke jawo ta biyun, har jama'a su ɗauka cewa tafiyarsu ɗaya. Wannan lacca za ta duba abin da ke raba su, ta hanyar bin tarihin wata 'yar wasan nutso ta ƙasar Amurka mai suna Laura Wilkinson, wadda ta karye a shekarar 2000, ta yi murabus a 2008, sa'an nan ta komo fage a 2017 tana da shekara 39 da haihuwa.

Kafin a shiga labarinta, wajibi ne a daidaita abin da ake nufi da nutso, domin nutson da Bahaushe ya sani dabam yake da wanda ake yi a Gasar Olamfik. Yaron da ya tashi a Surko ta ƙasar Birnin Kudu, ko a ƙauyukan bakin kogi na ƙasar Gwaram, ya san yadda ake yi in damina ta kankama, kududdufai suka cika. Akan tsaya a gaɓa, a tsunduma, a nutse, sa'an nan a ga wanda zai fi daɗewa bai ɗago ba. Gwaninta a nan tana ƙarƙashin ruwa ne: riƙe numfashi, sanin inda laka take, sanin inda ruwa ke juyawa. Haka abin yake ga Sarkawa, waɗanda su ne sana'arsu ta gado, haka kuma yake a wasannin Kabanci na bikin kamun kifi na Argungu, inda ake tseren kwalekwale, da kamun agwagwar ruwa, da kamun kifi da hannu, da gasar nutso. Bahaushe ya ce iya ruwa fid da kai, kuma ma'auninsa ke nan.

Amma a wasan da ake magana a kansa yau, gwanintar duka tana sararin sama ne, tun kafin jiki ya taɓa ruwa. Ɗan wasa yakan hau dandamali na kankare mai tsawon mita 10, watau kamar rufin bene mai hawa uku, ya tsaya a bakinsa, ya faɗo. Daga barinsa dandamali zuwa isarsa ruwa bai cika daƙiƙa ɗaya da rabi ba. A cikin wannan ɗan taƙi ne zai yi alkafura biyu da rabi ko uku da rabi, wani lokaci har da murɗawa, sa'an nan ya miƙe sambal kamar mashi, ya shiga ruwa da ka, hannuwansa a haɗe a gaba. Alƙalai bakwai suna zaune a gefe, kowa ya ba da maki daga 0 zuwa 10. A ƙa'idar da ake bi yanzu akan zubar da maki biyu mafi yawa da biyu mafi ƙanƙanta, a tara ukun da suka rage, a ninka su da lambar wuyar alkafurar da aka yi. A zagayen ƙarshe mata sukan yi faɗowa biyar, maza shida. Akwai kuma wani reshe na wasan da ake yi daga kan allo mai lanƙwasa, mai tsawon mita 3, wanda ke cilla mutum sama.

Abin da mai kallo ba ya gani shi ne irin dukan da jiki ke sha. Wanda ya faɗo daga mita 10 yakan isa ruwa da gudun kusan kilomita 50 a sa'a, kuma a irin wannan gudu ruwa ba ya da laushin da aka san shi da shi. Tafin hannu ne ke fara buɗa hanya, daga nan ƙarfin bugun ya bi ta wuyan hannu, ya wuce gwiwar hannu da kafaɗa, ya sauka a wuya da gadon baya. Faɗowa ɗaya ba kome ba ce. Amma ɗan wasa yana maimaita ta sau da yawa kowace rana, shekara da shekaru, don haka ciwon wuyan hannu da kafaɗa da wuya ya zama abokin zaman masu wannan sana'a. Ban da wannan, akwai hatsarin dandamalin kansa. A 1983, a gasar wasannin jami'o'i ta duniya da aka yi a Edmonton ta ƙasar Kanada, wani matashi ɗan Tarayyar Sobiyet mai suna Sergei Chalibashvili ya bugi dandamali da kansa yana cikin alkafura, ya yi kamar mako guda a sume, ya rasu yana ɗan shekara 21. A 1988 kuma, a Gasar Olamfik ta Siyol, gwanin gwanaye Greg Louganis na Amurka ya bugi allo da ƙeyarsa, aka ɗinke shi, ya koma ya ci gaba, har ya ci zinariya. Duniya ta fi tunawa da na biyun, domin labarinsa ya fi daɗin faɗa. Masu wasan kuwa suna tune da duka biyun duk ranar da suka hau tsani.

Karayar ƙashi

An haifi Laura Wilkinson a birnin Hustan na jihar Teksas a watan Nuwamba na 1977. Da wasan alkafura na kan tudu ta fara, sai da ta kai wajen shekara 15 sa'an nan ta juya ga ruwa, abin da masana wasan ke ɗauka a matsayin makara, domin a ƙasar Sin ana fara horar da yara tun suna ƙanana ƙwarai. Ta yi karatu a Jami'ar Teksas, ta ci gasar jami'o'in ƙasarta, kuma mai horar da ita, Kenny Armstrong, ya riƙe ta tun daga farko har ƙarshe. A lura da wannan suna, domin zai sake fitowa.

A watan Maris na 2000, saura wata shida a buɗe Gasar Olamfik ta Sidni a Ostireliya, tana atisaye a kan tudu sai ta bugi ƙafarta ta dama, ƙasusuwa uku suka karye. Gyara na sosai yana bukatar aikin tiyata, tiyata kuwa tana nufin ta manta da Sidni. Sai ta zaɓi a ɗaure ƙafar da filasta, a jinkirta aikin sai bayan gasa. Makonni suka yi ta wucewa ba ta shiga ruwa ba, alhali gasar fid da gwani ta Amurka, wadda a cikinta ake zaɓen masu wakiltar ƙasa, tana nan tafe a watan Yuni.

Abin da ita da malaminta suka yi da waɗannan makonni shi ne zuciyar wannan lacca. Ba a bar ta a gida tana jinya ba. Lokacin atisaye in ya yi, takan zo bakin ruwa kamar kowa. In layi ya zo kanta, sai ta tsaya a matsayinta, ta ɗaga hannu yadda za ta ɗaga, ta bi alkafurar a cikin ranta daki-daki, tun daga tashi har shiga ruwa, malamin kuma ya yi mata gyara kamar ta faɗo da gaske. Takan zauna ta yi ta kallon hotunan bidiyo na faɗowarta mafi kyau har su zauna mata a ka. Wanda bai san wasan ba zai ce wannan wasan yara ne, ko kuwa dabara ce ta lallashin marar lafiya. To, amma a tuna cewa alkafura uku a cikin daƙiƙa ɗaya da rabi ba a yin ta da shawara. Babu lokacin tunani. Jiki yana bin wani tsari ne da ƙwaƙwalwa ta riga ta haddace, kamar yadda hannun masaƙi ke jefa ƙoshiya yana hira, ko yadda makaɗi ke juya kalangu idonsa na wani wuri. Masu binciken halayyar ɗan Adam sun daɗe da gano cewa maimaita motsi a zuci yana taimakawa wajen kiyaye wannan hadda, ko da yake ba ya maye gurbin aikin jiki. Ƙafa ce ta karye, haddar kuwa tana nan, kuma aikinsu shi ne kada su bar ta ta zube.

Akwai wata fa'ida ta biyu wadda ba a cika ambata ba. Marar lafiya da aka ajiye a ɗaki yana rasa abin da ya fi motsi: yana rasa matsayinsa a cikin jama'arsa. Abokan aiki su ci gaba, a daina tambayarsa, shi ma ya fara kallon kansa a matsayin wanda aka wuce. Ta nan karayar zuciya ke shigowa. Da malamin ya ƙi cire sunanta daga layi, wannan ƙofa ya toshe.

Ta ci gasar fid da gwani a watan Yuni, bayan ta koma ruwa da 'yan makonni kaɗan. A Sidni, a watan Satumba, ƙafar ba ta warke daidai ba, har sai ta sa takalmi na musamman take hawa tsani, in ta kai sama ta cire. Ta shiga zagayen ƙarshe tana baya, 'yan ƙasar Sin biyu, Li Na da Sang Xue, su ne kowa ya sa wa ido. A faɗowa ta uku waɗanda ke gabanta suka yi kuskure, ita kuwa ta yi tata lafiya lau, ta haye gaba, ba ta kuma sauko ba. Ta gama da maki 543.75, Li Na ta sami 542.01, Anne Montminy ta Kanada ta zo ta uku. Ratar ba ta kai maki biyu ba. Rabon da wata Ba'amurkiya ta ci zinariya a kan dandamali tun 1964.

A nan ya kamata a yi hattara, musamman a gaban ɗalibai. Jinkirta tiyata kasada ce, kuma don kasada ta yi kyau sau ɗaya ba ta tashi daga kasada ba. Da ƙafar ta goce a bakin dandamali, da yau wani labari ake bayarwa, ko ma ba a bayar da kome. Bahaushe yana da kalmomi dabam-dabam a wannan fage, kuma bai yi su a banza ba: akwai juriya, akwai naci, akwai taurin kai, akwai ganganci. Abin da ya fid da shawararta daga ganganci shi ne an yi ta da sanin likita, an san iyakar abin da ƙafar za ta ɗauka, kuma da aka gama gasa an koma an yi aikin. Matashin da ya karye a filin ƙwallo a Birnin Kudu, ya kwance ɗori da kansa kafin lokaci don kada a ce ya yi raki, alhali ga Cibiyar Lafiya ta Tarayya a garin, ba hanyarta ya bi ba, ko da a ransa yana ganin ita yake koyi da ita.

Murabus

Shekarun da suka biyo baya ba sa bukatar dogon bayani. Ta zo ta biyar a Atina a 2004, ta ci Kofin Duniya a wannan shekara, ta ci Gasar Duniya a Montiriyal a 2005. A Bejin a 2008 ta zo ta tara, ta ajiye wasa tana da shekara 30.

Ma'aikatan gwamnati da ke wannan zaure sun san ƙa'idar aikinsu: shekara 35 ta aiki ko shekara 60 ta haihuwa, duk wadda ta riga zuwa. Mutum yana da lokacin shiri, yana da fansho, kuma in ya sauka yana da sa'o'i da suka sauka tare da shi. Ɗan wasa kuwa yana sauka ne a shekarun da ma'aikaci ke fara samun gindin zama. Rabin rayuwarsa an tsara masa lokacin tashi, da na ci, da na barci, an kuma auna darajarsa da lamba kowane mako. Ran nan sai a wayi gari babu kowa a bakin ruwa yana jiransa. Waɗanda suka taɓa ganin tsohon babban sakatare a makon farko na ritayarsa, ya shirya tsaf da sassafe ya rasa inda za shi, sun ga ɗan yanki na wannan hali. Laura ta yi shekara tara a wajen fage, ta zama uwa, tana sharhin wasanni da jawabai ga jama'a.

Ba ita kaɗai ce ta taɓa sauka ta komo ba, kuma misalin da ya fi dacewa da wannan wuri shi ne na Fu Mingxia ta ƙasar Sin. Wannan yarinya ta ci zinariya a Basalona a 1992 tana 'yar shekara 13, ta ƙara biyu a Atlanta a 1996, sa'an nan ta ce ta gaji, ta shiga Jami'ar Tsinghua ta Bejin karatun tattalin arziki. Sai aka yi dace jami'ar tana da wurin wasan, tana kuma da ƙwararriyar mai horarwa, Yu Fen, wadda ta san ta tun tana ƙarama. A hankali ta koma atisaye, wannan karo bisa son ranta, kuma a Sidni ɗin nan ta 2000 ta ci zinariya a kan allo mai lanƙwasa. Na baya-bayan nan shi ne Tom Daley na Ingila, wanda ya huta shekara biyu bayan gasar Tokiyo, ya komo ya ci azurfa a Faris a 2024, sa'an nan ya sauka gaba ɗaya.

In aka duba waɗannan mutane za a ga cewa ƙarfin hali, duk da muhimmancinsa, bai isa ya mayar da kowa fage ba. Dole fagen ya kasance yana nan. Dole a sami ruwa mai zurfin kusan mita 5, da dandamali mai lafiya, da malamin da bai watse ba, da ƙungiyar da dokarta ba ta rufe ƙofa ga wanda ya fita ba. Waɗannan kuwa duk aikin hukuma ne da ma'aikatanta. Nijeriya ta gina babban filin wasa na Surulere a Ikko, har da wurin ninkaya irin na Olamfik, ta karɓi Gasar Wasannin Afirka a 1973, kuma a shekarar ne aka fara Bikin Wasanni na Ƙasa. Daga baya wurin ninkayar ya yi shekaru a lalace. Duk ɗan wasan ruwa da ya ji ciwo ko ya huta a cikin irin waɗannan shekaru, in ya warke ya waiwayo, me zai tarar? Akan ce wane ya karaya, alhali wurin komawar ne aka bari ya rushe.

Argungu ta nuna ɗaya fuskar al'amarin. Bikin, wanda ake danganta farkonsa da ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, kuma Hukumar UNESCO ta sa shi cikin gadon al'adun duniya a 2016, ya tsaya bayan na 2009, ba a sake yin sa ba sai a watan Maris na 2020. Shekara goma ba wasa ba ce. Amma da aka buɗe kogin Matan Fada, masunta sun fito da homa da gora, sun shiga ruwa kamar jiya aka rabu. Dalili kuwa shi ne sana'ar ba a cikin bikin take zaune ba. Tana gidajen masunta, uba yana koya wa ɗa, ga Sarkin Ruwa da sauran masu sarautar ruwa suna riƙe da ƙa'idojinta. Abin da Armstrong ya yi wa mutum ɗaya na 'yan makonni, shi gadon Kabawa ya yi wa al'umma guda na shekara goma.

Komawa

A 2017 Laura Wilkinson ta sanar da cewa ta komo, kuma wurin malaminta na dā ta koma. A gasar ƙasa ta wannan shekara ta zo ta biyu a kan dandamali, a tsakiyar 'yan matan da ta isa ta haifa. Burinta shi ne Tokiyo a 2020.

Sai jiki ya kawo lissafinsa na shekaru. Hannunta ya fara rasa ƙarfi wajen shiga ruwa, abin da ke da hatsari ƙwarai, domin hannu shi ne garkuwar kai. Da aka bincika sai aka tarar matsalar daga wuya take: faifan guringuntsi da ke tsakanin ƙasusuwan wuya ya lalace yana danne jijiya. A watan Disamba na 2018 aka yi mata tiyata, aka haɗe wasu ƙasusuwan wuyanta aka ɗaure su da ƙarfe. A kwatanta wannan da shawarar 2000. Wancan karo ta ce wa likita ya jira. Wannan karo ita ta jira, domin wuya ba ƙafa ba ne, kuma mai 'ya'ya huɗu ba ta yin lissafi irin na budurwa mai shekara 22. Mutum ɗaya ce, burin iri ɗaya ne, amma hukuncin ya sha bamban, kuma masu neman ma'anar juriya za su fi samunta a cikin wannan bambanci fiye da a cikin lambar zinariya.

Warkewa ta ɗauki watanni masu yawa. Aka fara daga tudu, aka koma ƙaramin allo, ana hawa sannu a hankali, domin wuyan da aka yi wa aiki ba a gwada shi da mita 10 rana ɗaya. Tana cikin haka annobar korona ta sauka a 2020, aka rufe wuraren ninkaya, aka ɗage gasar Tokiyo da shekara guda. Ga matashi, shekara guda ƙarin lokacin shiri ce. Ga mai shekara 42 kuwa ragi ce daga abin da ya saura.

A watan Yuni na 2021, a birnin Indiyanafolis, aka yi gasar fid da gwani ta Amurka. Gurbi biyu kacal ake nema a kan dandamalin mata. Laura Wilkinson, tana da shekara 43, da ƙarfe a wuyanta, ta tsallake zagayen farko, ta tsallake na biyu, ta shiga zagayen ƙarshe. Ta yi faɗowarta biyar, ta gama a matsayi na goma, ba ta je Tokiyo ba. Katrina Young ce ta sami gurbi na biyu. Wadda ta zo ta ɗaya kuwa, Delaney Schnell, ba ta cika shekara biyu da haihuwa ba ranar da aka rataya wa Laura zinariya a Sidni.